Gwaggo Delu da Likitan da Bai Taɓa Ganin Ta Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a flat ɗin Gwaggo Delu a Stratford ya san cewa da ƙarfe takwas saura na safe wayarsa ba tasa ba ce. Za ta bi ɗaki-ɗaki da farantin silba, irin na kai wa baƙi shayi, ta tsaya a kanka ta ce, "Zuba." Baƙo ne kai ko ɗan gida, barci kake ko wanka, duk ɗaya. In ta tara sai ta jera su a kan teburin kicin, ta zauna ta gyara ɗankwali, ta ce mini, "Malama, danna." Ni kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya ina kiran lambar GP, wato asibitin unguwa inda likitanta yake, domin takwas daidai suke buɗe layi, wanda ya makara kaɗan kuwa ya rasa appointment na ranar, wato damar ganin likita.

Anti Rifkatu, maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, ita ta ce in rubuta wannan a karanta muku yau. Ta ce tunda an san ba na iya buɗe baki a cikin taro, in rubuta, ita za ta karanta. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rabi, 'yar ƙanin Gwaggo. Karatu ya kawo ni London daga Funtuwa, ta ba ni ƙaramin ɗakin da ɗanta Nura ya bari da aiki ya kai shi wani gari. Tun ranar da na sauka ta ga na fito da littattafai kafin kayan sawa, ta sa mini suna Malama, ban ƙara jin sunana na yanka a bakinta ba.

Ku da kuka san ta kun san ba mai son asibiti ba ce. Duk shekarun da ta yi tana raba wa yara abinci a makarantar firamare ba ta taɓa fashin aiki don ciwo ba, ta sha faɗa mana har mun haddace. To bara, bayan ƙaramar salla, cikinta ya fara ciwo. Ta daina cin tuwo, ita da take cewa shinkafa abincin marasa aikin yi ne. Zanin da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa. Abu ɗaya take so, kuma ta faɗe shi tun farko: likita ya gan ta da idonsa, ya sa hannu ya taɓa cikin. Shi ke nan. A kan wannan muka shafe watanni muna jera wayoyi.

In layi ya shiga, ba mutum ke ɗauka ba. Wata muryar mace ce da aka naɗa, mai laushi, tana cewa kiranmu yana da muhimmanci a wurinsu, mu ci gaba da jira. Gwaggo ta raɗa mata suna Hajiya Jira, kuma kullum sai ta gaishe ta.

"Hajiya Jira, ina kwana? An tashi lafiya? Yau ma ƙaryar ce?"

Sai muryar ta sake cewa kiranmu yana da muhimmanci.

"Ke dai ki ji tsoron Allah! Mace da girmanki!"

Daga nan sai kiɗa, wani irin kiɗa kamar an ba yaro sarewa yana gwadawa. Can muryar ta dawo ta faɗi ko mu ne na nawa a layi. In lambar ta fara sauka, Gwaggo sai ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota, ta ce, "Malama, kar ki yi tari!" Sau da yawa muna gab da kaiwa gaba layin zai tsinke ɗif. Ko kuma a ɗauka a ce na yau sun ƙare, a sake kira gobe da takwas. Sai ta mayar wa kowa wayarsa a farantin, ta ce, "An ci mu yau. Ku je ku sa caji."

Ranar da muka fara dacewa, yarinyar da ke amsa waya ta tambayi abin da ke damun ta, domin da shi suke tantance wanda za a gani da gaggawa. Gwaggo ta toshe wayar da tafin hannu ta dube ni.

"Ji 'yar nan! Wai in gaya mata ciwona. Likita ce?"

"Gwaggo, haka tsarin yake. Ki faɗa mata."

"Wannan muryar? Wallahi na girmi uwarta."

Ta buɗe wayar ta ce da Turancinta, wanda kun san ba ta jin kunyar yinsa a gaban kowa, jikinta ne ba daɗi. Yarinyar ta ce wane wuri a jikin.

"Wurin da likita zai duba," in ji Gwaggo.

Sannan aka ce tunda ba na gaggawa ba ne, likita zai kira ta ta waya nan da wasu makonni, tsakanin safe da yamma. Ba a faɗi ƙarfe nawa ba.

Ranar kiran, ƙamshin turaren wuta ne ya tashe ni. Na fito na tarar ta yi wanka, ta sa leshinta na salla, ta kafa ɗauri, ta zizara kwalli, har da awarwaro. Ta share falo tas, ta zauna a kujerar da ke fuskantar ƙofa, wayar a cinyarta.

"Gwaggo, ta waya ce fa. Ba zai gan ki ba."

"To sai in amsa wa likita da ɗaurin ƙirji? Karatun naki bai kai nan ba. Ana jin ƙazami ko a murya."

Ba ta ci komai ba, kada ya kira bakinta cike. Ba ta shiga banɗaki ba. Lokacin sanyi ne, rana gajera, azahar ta yi tana ta ja, har la'asar ta kusa. Da ta ga lokaci zai fita sai ta miƙe ta ce, "Ba zan sa Allah a layi ba." Ta tayar da salla. Tana cikin raka'a ta biyu wayar ta ɗauki ƙara.

Na ɗauka. Likitan ya ce da ita kanta yake son magana. Na ce salla take yi, ya ɗan jira. Ya ce yana da mutane da yawa, in ya samu sarari zai sake kira. Na matsa kusa da ita ina riƙe da wayar yadda za ta ji. Jama'a, ban taɓa ganin Gwaggo ta ja sujada irin ta ranar ba! Ta sallame, ta yi tasbihinta cif, ta shafa, sannan ta juyo. Ya riga ya kashe.

"Gwaggo, da kin ɗan yi sauri..."

"In na yi sauri saboda shi, wa nake bauta wa ke nan?"

Ta koma kujerar ta zauna da leshinta har magariba. Bai sake kira ba. Abin da ya zo saƙo ne, wai ba ta halarci appointment ɗinta ba, kuma irin wannan yana hana wasu marasa lafiya samun wuri. Ta sa na karanta na fassara mata, na sake karantawa.

"Ban halarta ba? Ina ne wurin da ban je ba? Ni da na zauna a nan har ƙafata ta mutu!"

Washegari ta ce ta gama magana da iska, da ƙafarta za ta je. Anti Rifkatu, wadda aikinta kula da tsofaffi ne kuma ta san halin wuraren nan, ta ce, "Hajiya, za su koro ki." Ta ce su kora. Muka tafi mu uku. Tafiyar da a da take yi ba tsayawa, ranar sai da ta huta a tashar bas tana riƙe da ciki, wai takalminta ne ke matse ta.

A asibitin, yarinyar da ke amsa waya tana zaune bayan gilashi. Ta ce a yi haƙuri, ba a yin booking, wato kama wuri, a nan, sai ta waya ko ta intanet. Gwaggo ta ce, "To ga ni, ga ki." Yarinyar ta ce ita ma ba ita ta kafa dokar ba. Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta ja da baya ta zauna a kujerar jira daidai saitin gilashin, ta ciro wayarta ta miƙo mini.

"Malama, danna."

Muka zauna muna sauraron Hajiya Jira, muna kallon wayar da muke kira tana haske a kan tebur a gabanmu. Anti Rifkatu ta rufe baki da hannu tana dariya har da hawaye. Da layi ya zo kanmu, yarinyar ta ɗauka ta yi gaisuwarta ta aiki, ta ce da wa take magana.

"Ni ce," in ji Gwaggo. "Ɗago kanki."

Ta ɗago. Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

Ita ma sai da ta yi dariya, amma abin da ta iya ba mu wani kiran wayar ne. Muna shirin fita wani likita ya gitta da kofi a hannu. Gwaggo ta miƙe da sauri, ta gyara tsayuwa, ta fuskance shi sosai don ya gan ta. Ya yi mata murmushi, ya ce barka da safiya, ya shige. A hanya ba ta yi maganarsa ba. Yarinyar ta yi ta tausayawa: "Kun ga idonta? Ja wur. Ita ma ba lafiya gare ta ba. Ko wa zai ba ta appointment?"

Wancan kiran ma bai yi ba. Na shiga kicin ɗora ruwan zafi, na ji wayar ta yi ƙara ta yi shiru. Na fito da gudu na tarar da Gwaggo tana murmushin wadda ta ci nasara.

"Wa ya kira?"

"Wani ɗan damfara ne. Ba lamba, ba suna. Na danna masa ja, na kashe."

"Gwaggo, ai likitoci a ɓoye lambarsu take zuwa!"

"Nura ya ce duk wanda ya ɓoye lamba kar in ɗauka. Kuma gaskiyarsa. Mutumin kirki zai zo gidan mutane ya rufe fuska?"

Ya sake kira, ta sake kai hannu, muka yi kokawar wayar ni da ita har ta katse. Muka koma farantin.

Kiran da ya same ta daga baya, na yi masa shiri. Kwana da kwanaki ina yi mata bita kamar mai shiga jarrabawa: ciwon ciki, rama, rashin cin abinci. Ta ce ta ji. Na gaya mata minti goma kawai ake ba mutum. Ta ce ta ji wannan ma. Da wayar ta yi ƙara ni na danna, na buɗe murya yadda zan ji komai.

Likitan ya faɗi sunansa. Gwaggo ta gaishe shi. Ta tambayi aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi sanyi. Ta yi masa sannu da ƙoƙari, ta ce ta san mutane sun yi masa yawa. Ina nuna mata agogo tana kau da kai. Da bawan Allah ya samu ƙofa, ya ce to, yaya take ji yanzu?

"Better, doctor. Thank God."

Na raɗa mata, "Gwaggo, ba sauƙi! Ki ce ba sauƙi!" Ta ture hannuna. Ya ce ya ji daɗin haka, ciwon yana nan ko ya ragu? Ta ce an gode Allah, yana zuwa yana tafiya. Ya tambaya ko tana cin yaji. Ta ce wa ba ya ci. Ya ce da alama ƙwannafi ne, zai tura magani kemis, ta rage yaji, in bai daina ba ta sake kira. Ta yi masa godiya, ta ce ya gaida gida.

Kun san ban cika ɗaga murya ba, amma ranar na ɗaga.

"Gwaggo, me ya sa? Watanni muna neman mutumin nan!"

"Me na yi?"

"Kin ce masa da sauƙi!"

"To me zan ce? Mutum ya yi min ya jiki, in ce masa babu sauƙi? In kai ƙarar Ubangijina wurin ɗan mutane?"

"Ba gaisuwa yake yi ba, Gwaggo. Tambaya yake."

Ta juya awarwaron da ya yi mata yawa. Da ta yi magana, muryar ta sauka ƙasa, ba irin wadda kuka sani ba.

"Malama, kin taɓa zuwa dubiya a gida aka ce miki babu sauƙi? Kakarki, ranar da za ta rasu na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Kowa haka yake cewa. Mai dubiya ba bakin yake saurare ba, fuskar yake kallo. Ya ga ido ya faɗa, ya ga wuya ya yi tsawo, sai ya fita waje ya ce a nemo mota. Ni na yi nawa. Shi ne bai yi nasa ba, don ba shi da ido."

Maganin ƙwannafin kuwa ta sha shi tas, kwalba bayan kwalba, ta ce ko ba komai yana da daɗi a baki.

Daga nan Anti Rifkatu ta ƙwace maganar. Da aka sake samun kira, kuma wata likita ce daban, domin ba mu taɓa samun mutum ɗaya sau biyu ba, ta sa Gwaggo ta ce ta yarda a yi magana a madadinta, sannan ta karɓi wayar ta shige kicin. Muna jiyo ta tana cewa matar nan ta rame, zobenta faɗuwa yake daga yatsa. Gwaggo na falo tana faɗa: "Rifkatu, tona min asiri za ki yi a wurin baƙuwa?" Likitar ta saurara da kyau, Allah ya saka mata. Ta tambaya ko ana ganin jini a bayan gida. Anti ta leƙo ta tambayi Gwaggo.

"A'uzubillahi! Wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

Muka ɗauka a'a take nufi. Duk da haka likitar ta ce za ta aiko da wani ɗan gwaji ta gidan waya, a yi a mayar da wuri, in ya nuna wani abu za a tura ta babban asibiti ba jira.

Gwajin ya zo a ambulan: 'yar ƙaramar kwalba ta roba, da ɗan tsinke a jikin murfinta, da takarda manne a gefe mai ɗauke da sunan Gwaggo da ranar haihuwarta. Ni aka sa in karanta bayanin. Na karanta ina kallon ƙasa. Da na kai wurin da aka ce a ɗebi kaɗan daga bayan gida da tsinken, a rufe, a jefa a akwatin gidan waya, Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Sake karantawa."

Na sake.

"Ni Delu? In aika wa mutane ƙazanta ta gidan waya? Me mai kawo wasiƙa ya yi min? Mutumin da kullum yake gaishe ni!"

"Gwaggo, a rufe take fa..."

"Na ce su gan ni, sun ƙi. Fuskata ba sa so, wannan suke so? Waɗanne irin mutane ne!"

Kwalbar ta daɗe a kan firji. Anti Rifkatu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira Nura, shi ma ya yi ta roƙo da Turanci tana amsa masa da Hausa. A ƙarshe Anti ta ce in ba ta yi ba, ita ba ta ƙara cin abincin gidan nan. Wannan ce ta karya ta. Wata safiya ta fito da ambulan ɗin a naɗe cikin leda, ledar cikin wata leda, ta fesa masa turare, ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Na raka ta har bakin akwatin, ta kwance ledojin da yatsu biyu ta jefa, ta dawo ta wanke hannu har gwiwa. Muka yi ajiyar zuciya.

Shiru, shiru, ba sakamako. Muka sake bin layi. Da aka ɗauka aka duba, aka ce babu wani gwaji da ya iso da sunanta. Na ce ai a gabana aka tura. Na juyo zan tambayi Gwaggo, sai na ga tana kallon taga.

"Gwaggo, takardar da ke manne a kwalbar?"

"Na ɓare ta."

"Kin ɓare?"

"Sunana ne fa a jiki, da sunan ubana. Kakanki Malam Haruna, mutumin kirki, yana kwance a kabarinsa, in manna sunansa a kan wannan abu ya zaga London?"

Na san kun yi dariya. Anti ma da na gaya mata sai da ta yi, sannan ta zauna a kan matakala ta yi kuka. Kwalbar da ba suna zubar da ita ake yi. Aka ce za a aiko da wata, aka kuma sa mata wani kiran waya nan gaba.

Ba ta kai ranar a gida ba. Wata safiya tana dama koko na ji ƙarar ludayi a ƙasa, sannan na ji faɗuwarta. Motar asibiti ta kai mu wani babban asibiti a Whitechapel. Bayan doguwar jira a kan gado mai taya, wata likita matashiya ta ja labule, ta zauna a gefen gadon, ta murza hannuwanta don su yi ɗumi, ta ɗora a cikin Gwaggo. Ta danna nan, ta danna can. Da ta zo gefen dama sai ta tsaya. Na ga fuskarta ta canja.

Gwaggo ma ta gani. Ta juyo ta dube ni, kuma wallahi murna ce a fuskarta.

"Kin gani, Malama? Hannu ɗaya!"

Likitar ta dube ta ido cikin ido ta tambaye ta maganar jini. Gwaggo ta ce min in fita. Ban yi nisa ba, labule ne kawai tsakaninmu. Na ji ta ce e, akwai, tun kafin azumi. Likitar ta ce me ya sa ba ta gaya wa GP ba. Ta ce, "Ba wanda ya tambaye ni yana kallona."

Gwaje-gwajen da muka yi watanni muna nema, cikin 'yan kwanaki aka yi su duka. Ciwon daji ne a hanji, ya riga ya kai hanta. Suka ce aiki ba zai yi amfani ba, sai dai a rage mata raɗaɗi. Wasunku sun tambaye ni ko da an gan ta da wuri da ta tashi. Na tambayi likitar. Ta ce ba za ta rantse ba, amma da an sami abin yi.

Da yawanku kun zo dubiya. Kun ce ya jiki, ta ce da sauƙi, kun dube ta, kun fita baranda kun yi kuka.

Ana cikin haka saƙo ya shigo wayarta, ana tuna mata kiran GP da aka sa mata, wai mako mai zuwa ne. Na karanta mata don in sa ta dariya. Ba ta yi ba. Sai ma ta yunƙura za ta tashi zaune.

"Yana nan? Ba su ƙwace ba?"

"Yana nan, Gwaggo. Amma ai yanzu ba kya bukatarsa."

"Na sani. Baba Seidu za a ba."

Baba Seidu, ga wanda bai san shi ba, dattijon nan ne ɗan Kumasi da ke hawan ƙasa a gininmu, mai ciwon sukari. Ashe ya gaya mata yana da gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa, kuma waya ɗaya gare shi, ita ma tsohuwa, kullum na ranar suna ƙarewa kafin layi ya zo kansa.

"Gwaggo, ba na jin ana yin haka."

"Nawa ne ko ba nawa ba? Da gumina na same shi. Ba ni da gida a garin nan, flat ɗin na council ne, na hukuma, in na tafi za su karɓe. Wannan kaɗai na mallaka da wani yake so. Ki buga musu."

Da safe na tsaya a barandar asibitin na kira, na bi layi har ya zo kaina. Na yi bayani. Wadda ta ɗauka ta ce ba a mayar da appointment ɗin wani ga wani. Abin da za ta iya shi ne ta yi cancel, ta soke shi, wurin ya koma ga duk wanda ya riga kira. Sannan ta ce in gaya wa dattijon ya kira yau, ya ce shi mai ciwon sukari ne kuma gyambo ne a ƙafarsa ya ƙi warkewa, ya faɗe shi haka ƙarara, kada ya rage komai.

Na koma na gaya wa Gwaggo yadda aka yi, ban ɓoye mata ba. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta rufe ido.

"To wa zai sami nawa?"

"Ba a sani ba. Duk wanda ya riga kira."

"Shi ke nan, na ba shi. Allah ya san shi." Ta ja numfashi. "Allah dai ya sa mai baki ne, ba irina ba. Ke kuma ki je wurin Seidu ki tsaya a kansa. In ya ce musu da sauƙi, ki ƙwace wayar."

Na je, na tsaya a kansa, kuma sai da na ƙwace. A ranar aka ga ƙafarsa. Yana can wajen maza yanzu da bandejinsa, kuna iya tambayarsa. Gwaggo kuwa ta cika ranar Juma'a da hantsi, Nura na riƙe da hannunta.

Ya Allah, kai ne mai gani ba sai an faɗa maka ba. Ka san abin da baiwarka Delu ta ɓoye don kunya, da abin da ta haɗiye don kada ta yi ƙorafi a kan hukuncinka. Ka dube ta da rahama, ka sa ciwon nan ya zama kankarar zunubanta, ka yalwata mata kabarinta. Wanda ya sami wurin da ta bari, ko wane ne, ka ba shi lafiya. Mu kuma ka ba mu haƙurin rashinta. Amin.